Babi na Shida: Garkuwa, Baka ko Magani?

Kusan duk wasan gem na yaƙi da dodanni da ake bugawa ta intanet yana farawa ne da tambaya guda, tun kafin a miƙa maka makami: wa kake so ka zama? Allon waya zai jero maka mutane biyar ko shida, wani lokaci fiye da goma. Ga ƙato cikin sulke da kwalkwali, ya tokare garkuwa a ƙasa. Ga siririn maharbi rataye da kwari. Ga mai doguwar riga, sandarsa tana tartsatsin wuta. Ga wanda ya naɗe fuska, wuƙa a kowane hannu. Can gefe kuma ga wani da ba shi da makamin a zo a gani, aikinsa kawai ya warkar da waɗanda aka raunata.

Wannan tambaya ta daɗe da fita daga manyan birane. Ta iso rumfunan masu cajin waya a Sundimina da Babaldu, ta iso majalisun samari a Birnin Kudu da Gwaram. Har yanzu dai ƙwallo da wasannin harbi irin su Free Fire da PUBG su suka fi cin kasuwa a wajenmu, amma ko a Free Fire ɗin sai ka zaɓi wanda za ka shiga fili da shi, kuma 'yan tawaga huɗu sukan raba aiki: mai kutsawa, mai harbi daga nesa, mai tayar da wanda ya faɗi. Wanda ya ɗanɗana Mobile Legends ko Albion Online kuwa ya san cewa a can rabon aiki shi ne wasan gaba ɗaya.

Yawancin masu farawa ba sa ɓata minti ɗaya a kan wannan zaɓi. Wanda ya fi kwarjini a ido shi ake dannawa. Ni kuwa ina ganin babu zaɓin da ya kai shi nauyi a cikin wasan, domin aiki ne kake ɗauka, kuma akwai mutane na gaske, da suka sa kuɗin datarsu da lokacinsu, waɗanda za su dogara da kai ka yi shi.

Daga tebur zuwa waya

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Babu kwamfuta a cikinsa. Abokai ne ke kewaye tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa yana riƙe da jarumi guda. Rukuni uku kacal aka fara da su: mayaƙi, da mai sihiri, da malamin addini mai warkarwa. A 1975 aka ƙara ɓarawo, gwanin buɗe makulli da kwance tarko.

Hikimar tsarin tana cikin abin da aka hana kowa. Mayaƙi yana jure sara, amma ba ya iya rufe rauninsa. Mai sihiri yana iya ƙone rundunar abokan gaba, amma an hana shi sa sulke, sara ɗaya ko biyu ya ishe shi. An gina kowa da giɓi da gangan, don ya zama dole ya nemi wanda zai cike masa.

Daga nan tsarin ya shiga kwamfuta. A 1978 ɗalibai biyu na Jami'ar Essex a Ingila, Roy Trubshaw da Richard Bartle, suka soma gina wata duniya ta rubutu zalla wadda mutane da yawa ke shiga lokaci guda. EverQuest ya fito a 1999 da hotuna masu motsi, sannan World of Warcraft a 2004 da rukuni tara, kuma zuwa 2010 masu biyan kuɗin wata don buga shi sun kai miliyan 12. Waɗannan manyan wasanni na kwamfuta ne, sun fi ƙarfin aljihun yawancin matasanmu. Amma ƙa'idar da suka kafa ita ce ta sauko cikin wasannin waya da muke iya samu yau.

Aiki uku

Komai yawan sunayen da allo ya jero, ayyukan uku ne. Akwai mai garkuwa, wanda 'yan gem ke kira tanki. Akwai mai magani. Akwai masu kai hari, na kusa da na nesa. A World of Warcraft, tawagar da ke shiga kogon dodo mutum biyar ce: mai garkuwa ɗaya, mai magani ɗaya, masu hari uku.

Abin da ke ɗaure su wuri guda shi ne fushin dodo. Na'ura tana lissafa wa kowane ɗan tawaga yawan haushin da ya ba dodon, kuma wanda ya fi kowa a wannan lissafi shi dodon zai bi. Aikin mai garkuwa shi ne ya riƙe wannan matsayi na farko, ya yi ta tsokana, ya juya fuskar dodon ta bar sauran, ya sha dukan da zai kashe kowanensu. Mai magani yana bayansa, idonsa a kan layukan jinin mutum biyar, yana auna wa zai fara ceto da ɗan ƙarfin da ya rage masa, kuma warkarwar da yake yi ita ma tana jawo masa fushin dodo. Masu hari su ne za su gama da dodon kafin ƙarfin mai magani ya ƙare. Idan ɗayansu ya yi garaje ya zarce mai garkuwa a lissafin fushi, dodon zai juyo kansa, mai magani ya ƙarar da abin da ke hannunsa wajen ceton sa, mai garkuwa ya faɗi, sai a kwashe tawagar duka. Kuskuren mutum ɗaya, asarar mutum biyar.

Rundunar kakanninmu

Bahaushe bai kamata ya ji wannan tsari baƙo ba ne, musamman mutumin kudancin Jigawa. Ƙasarmu ta san shi da jini, tun kafin wani ya mayar da shi wasa.

Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a lulluɓe doki da mahayinsa da ita, kibiya ta caka ta maƙale ba ta kai fata ba. 'Yan lifidi su ke karya sahun abokan gaba, su ke kewaye sarki. Amma nauyin da ke kare su shi ne kuma rauninsu. Ba sa iya doguwar sukuwa, wuta tana kama audugar, kuma wanda ya faɗo daga sirdi da wuya ya miƙe shi kaɗai, sai zagage sun kawo masa agaji. 'Yan baka kuwa ba su da abin kare jiki sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma kibiyarsu mai dafin kwankwani tana kashewa daga nesa, muddin masu garkuwa da masu mashi sun tsare gabansu. A bayan sahu akwai waɗanda ba a cika yi wa kirari ba: wanzamai masu cire kibiya, masu ɗori, maƙera masu gyaran makami, malamai masu addu'a, da makaɗa masu zuga, waɗanda tambarinsu ke mayar da mai niyyar gudu cikin fage.

Babu rukunin da ya fi saura a ko'ina kuma a koyaushe. A watan Yuni na 1804, a Tafkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa dawakinsu ba su wuce kimanin ashirin ba, ƙarfinsu yana hannun 'yan baka. Maharban suka tsaya a sahu ba su watse ba, kuma su suka yi nasara.

Bayan shekara arba'in da 'yan kai darasin ya zo har ƙofar gidanmu. Wajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa a ƙasar Kano saboda saɓani kan haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse. Shekaru da dama bayan haka, garuruwan kudancin ƙasar Kano ta wancan lokaci irin su Rano da Birnin Kudu da Gwaram su ne bakin daga. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da Ningawa, amma har Turawa suka zo ba a murƙushe su ba. Dokin da ke da iko a fili, idan ya shiga tsakanin duwatsu sai ya zama kaya, maharbin da ke laɓe a sama shi ke da rana. Yau Ningawa maƙwabta ne, ana cin kasuwa tare, ana auratayya, lifidi da sulke kuma sun koma kayan ado na hawan Sallah. Amma abin da wancan zamani ya koyar yana nan: kafin ka ce wane makami ya fi, sai ka faɗi a wane fili, kuma tare da su wa.

Me ya sa kowa ke son takobi

Idan mun gaji wannan sani, me ya sa matasanmu ke tururuwa kan mai takobi da mai wuƙa? Ina ganin labaran da muka tashi da su suna da hannu. Tun daga Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, har zuwa littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ake karantawa ana saurara a waya, hasken labari yana kan sadauki guda mai tarwatsa dubu. Finafinan Indiya da ake fassarawa su ma haka: akta shi kaɗai, bos da yaransa ɗari. Labarai ne masu daɗi, kuma a labari hakan daidai ne, domin mai sauraro yana buƙatar mutum ɗaya da zai bi. Wasan tawaga kuwa an gina shi ne don ya hukunta wanda ya shigo da wannan tunani.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙarshen 2009 kamfanin Blizzard ya sa wa World of Warcraft wata hanya da na'ura ke haɗa baƙi biyar su zama tawaga. Nan take giɓin ya fito fili: mai garkuwa yana dannawa ake kiran sa, masu hari kuwa su yi ta jira a layi. Abin ya kai a 2011 kamfanin ya fara ba da jakar tukwici ta musamman ga duk wanda ya yarda ya ɗauki aikin da aka rasa mai yi, kuma galibi garkuwa ce ko magani. Final Fantasy XIV shi ma yana da irin wannan lada.

Dalilin gudun a bayyane yake. Mai hari idan ya yi kuskure yana iya ɓuya cikin 'yan'uwansa biyu. Mai garkuwa da mai magani ba su da wurin ɓuya. Idan aka ci nasara, allo sunan wanda ya fi yin kisa yake ɗagawa. Idan aka faɗi, su ake fara tambaya. Aiki ne mai yawan zargi da ƙarancin yabo, shi ya sa wanda ya ƙware a kansa ba ya rasa masu nemansa.

Yaran unguwa sun san wannan tun a tashe. Daga goma ga watan azumi, idan za a fita wasan tsoho da gemu, yaro ɗaya ne zai manna gemun auduga ya duƙa a kan sanda. Sauran su ne 'yan amshi, da mai kiɗan gwangwani, da wanda aka amince ya riƙe jakar hatsi da kuɗin da aka samu. Ranar da kowa ya dage shi ne tsoho, ranar babu tashe.

Abu uku da za ka auna

Na farko halinka. Mai garkuwa shi ne jagora ko yana so ko ba ya so, domin shi ke fara taku, shi ya kamata ya san hanya da dabarun kowane dodo. Yana buƙatar sanyin zuciya, ya ga jininsa yana sauka bai gudu ba, ya kuma iya jin magana mara daɗi daga baƙon da bai taɓa gani ba. Mai magani yana buƙatar ido mai ganin kowa lokaci guda, da zuciyar da za ta iya yanke hukunci ta bar wani ya faɗi don a ceci mai garkuwa. Mai hari na kusa yana buƙatar saurin yatsa, na nesa kuma sanin inda zai tsaya. Dukansu biyu suna buƙatar abin da ya fi wuya a wajen matashi, wato ya riƙe hannunsa har mai garkuwa ya kama dodon da kyau. Kada ka auna kanka da wanda kake mafarkin zama. Dubi yadda kake idan rigima ta tashi a filin ƙwallo: kai ne mai shiga tsakani, ko mai duba wanda ya ji ciwo, ko mai hangen inda ƙofa take?

Na biyu kayan aikinka, kuma a nan ne shawarar da ake kwasowa daga 'yan wasan Turai ke yaudarar mu. Su suna magana ne daga ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa, sabis ba ya rawa. Wanda ke bugawa daga Sundimina ya san yadda sabis ke sauka da yamma idan kowa ya hau, da yadda waya ke ɗaukar zafi ta fara sarƙewa idan fili ya cika da tartsatsi. Jinkirin rabin daƙiƙa a hannun mai magani mutuwar tawaga ne. Idan sabis ɗinka ba shi da tabbas, ɗauki maharbi ko wanda ke da dabbar da ke yaƙi a madadinsa, domin sun fi jure jinkiri, ka bar garkuwa da magani sai ranar da kake inda sabis ya zauna. Ka kuma duba inda sabar wasan take, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shi. Albion Online, alal misali, ya buɗe saba a Amsterdam a 2024, kuma daga Nijeriya ta fi ta Amurka da ta Singafo kusa.

Wannan wasa na Albion, wanda ya sauko waya a 2021, yana da wata ƙofa da ta dace da mu ƙwarai. A cikinsa ba a ɗaure ka da rukuni, kayan da ka sa su ke nuna aikinka, ka canza kaya ka canza aiki. Kuma kusan duk makamin da ke kasuwarsa 'yan wasa ne suka ƙera. Akwai masu saran itace, masu haƙar tama, masu fasa dutse, masu jima, masu noma, da masu ɗora kaya a kan sa su kai wani gari inda farashi ya fi, suna tsoron 'yan fashi a hanya. Jikan maƙera da fatake ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Wannan hanya ba ta neman saurin sabis kamar fagen fama, kuma babu rundunar da ke fita ba tare da kayan masu bin ta ba.

Na uku, kuma shi ya fi sauran, abin da jama'arka suka rasa. Idan ku biyar ne a majalisa kuka shirya farawa tare, ku zauna ku raba aiki kafin kowa ya danna. A wasu wasannin, irin su World of Warcraft, rukunin da ka zaɓa ya zauna ke nan, idan kana son wani sai ka sake sabon jarumi daga farko. A wasu, irin su Final Fantasy XIV, jarumi ɗaya yana iya koyon kowane aiki. Ka san wanne kake ciki kafin ka zuba makonni da data.

Iyakokin da ba a tsallakewa

Akwai matasa da zuciyarsu ba ta kwanta da ɗaukar matsafi ko boka ba, ko jarumin da aka ce yana bauta wa wani gunki, ko da a wasa ne. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma bai kamata abokai su matsa musu ba. Wanda ya ji shakka ya bar abin. Garkuwa da baka da ƙira suna nan, kuma babu tawagar da za ta mayar da shi.

Sai kuɗi. Wasannin waya da yawa kyauta ake shiga, amma sukan ɓoye jarumai masu ƙarfi a cikin akwatunan sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna, idan da kuɗi ake sayen su, caca ce. Duk rukunin da ba zai yi amfani ba sai ka yi ta sayen akwati, ba naka ba ne, komai kyansa.

Sai lokaci. Wasan intanet ba a dakatar da shi, domin duniyarsa tana tafiya ko kana nan ko ba ka nan, kuma shiga kogo ɗaya yana iya cin rabin sa'a. Mai garkuwar da ya shiga ana saura minti biyar a kira Magariba ya jefa kansa tsakanin haƙƙi biyu, kuma mun san wanda ke gaba. Maganin abin shi ne ya dubi agogo tun kafin ya ce ya shirya. Haka ranar da ake jiran ka a gona ko a shago. Wanda ya ɗauki aikin da ake dogara da shi, dole ya koyi faɗin “ba yanzu ba”.

Ba na cewa kowa ya zama mai garkuwa ko mai magani. Tawaga tana buƙatar masu hari uku, kuma maharbin da ya san aikinsa abin alfahari ne. Abin da nake roƙo shi ne kowane ɗan wasa ya gwada waɗannan ayyuka biyu ko da na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan sahu yana kallon jinin mutum huɗu yana sauka, ba zai sake zagin mai magani ba, kuma idan ya koma kan bakansa zai fi da iya harbi, domin yanzu ya san abin da garajensa ke jawo wa wasu. Garin da ke da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon jinya, kamar Birnin Kudu, cike yake da mutanen da aikinsu ke nan dare da rana, ba a jin sunansu sai an samu matsala. Idan wasa ya sa matashi ya fara ganin irin waɗannan mutane da daraja, datar da ya ƙona ba ta tafi a banza ba.

Da zarar aiki ya rabu kuma dodo ya faɗi, sai wata rigimar ta taso, wadda ta raba abokai da yawa a wasa kamar yadda ta raba runduna a tarihi: wa zai ɗauki abin da aka samu? Rabon ganima shi ne zancen babi na gaba.